Taƙaitawa: Filasibo, Zafin Ciwo Da Shaye-shaye

Na tattara abin da jama'a suka faɗa kan filasibo, wato ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta. Tambayar da aka tattauna ita ce ko yana rage zafin ciwo, kuma ko zai taimaka wa masu son daina shaye-shaye.

An yi ittifaƙi:

1. Sauƙin da marar lafiya ke ji gaskiya ne. A 1978 an nuna cewa allurar naloxone, mai toshe aikin dangin mofin (magunguna masu ƙarfi na kashe zafin ciwo), tana kawar da sauƙin filasibo ga waɗanda aka cire wa haƙori. Ke nan jiki da kansa yake fitar da mai kashe zafin.

2. Raɗaɗi filasibo yake ragewa. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya rage ciwon daji (kansa).

3. Mai shan methadone, wato maganin da ake ba masu son daina shan dangin mofin, kada ya daina sai da izinin likita. Wannan na fi so a riƙe, domin rai ne a ciki.

An rabu a kan yaudara. Wasu sun ce idan ba a ɓoye wa marar lafiya cewa filasibo ne ba, ba zai yi aiki ba. Wasu suka kawo gwajin Harvard na 2010, inda aka gaya wa masu ciwon hanji gaskiya kuma suka ji sauƙi.

Kan amfani da filasibo wajen daina shaye-shaye, yawanci sun ce a bi a hankali, binciken bai yi nisa ba tukuna.