Ranar da yaro ya ce "kada a gaya wa kowa": abin da muka gani a Jos

Malamar ba da shawara a wata sakandare, Jos ta Arewa:

Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin ba ɗalibai shawara, kuma abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani lamari da na tabbata duk mai aiki da yara ya taɓa cin karo da shi, wato ranar da yaro zai turo ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya ce yana da magana amma sai an yi masa alkawarin ba za a gaya wa kowa ba. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, ba tare da ambaton sunan yaro ko makaranta ko wata alama da za a gane gida da ita ba.

Tawa ta faru ne da wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare, mai ƙoƙari ƙwarai, wadda makinta ya zube a zango guda, kuma kusan kullum tana ɗakin shan magani da ciwon ciki ko ciwon kai da ba a gano musu dalili ba. Malamai sun riga sun yanke cewa lalaci ne. Sau huɗu tana zuwa wurina muna maganar jarabawa kawai, sai a na biyar ta nemi alkawarin, ni kuma na ɗauka mata nan take domin ina tsoron kada ta fasa. Abin da ta faɗa shi ne wani ɗan uwa da ke zaune a gidansu yana cin zarafinta, kuma ya gargaɗe ta cewa babu wanda zai gaskata ta. A nan na gane na ɗauki alkawarin da ba zan iya cikawa ba, tun da yarinyar gidan za ta koma da yamma. Na gaya mata dole in sanar da wanda zai kare ta. Ta yi kuka, ta ce na ci amanarta, kuma ko da yake an raba ta da mutumin, wannan kalma ba ta bar zuciyata ba har yau.

Tun daga ranar, kafin yaro ya fara magana nakan ce masa duk abin da zai faɗa zai tsaya tsakaninmu, sai dai idan akwai mai cutar da shi, ko yana shirin cutar da kansa ko wani, to a nan zan nemi taimako, kuma shi zan fara sanarwa kafin kowa. Wasu abokan aikina suna ganin wannan sharaɗi yana rufe bakin yara. Ku me kuka gani?

Ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Abin da kika faɗa game da ciwon ciki shi ne abin da muke gani kowane mako, domin yaranmu ba sa cewa suna cikin damuwa, jikinsu ne ke faɗa: fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, rashin cin abinci, firgita cikin barci. Bayan dokar hana fita ta watan Agustan 2021 mun ga irin wannan da yawa, kuma wasu iyayen da suka kawo su, su kansu yara ne a rikicin Jos na 2001 ko na 2008, babu wanda ya taɓa tambayar su abin da suka gani.

Sharaɗinki daidai ne a wurina. Abin da zan ƙara shi ne, sanarwa ba lallai ta fara daga uba ba. Nakan tambayi yarinya wa ta fi yarda da shi a dangi, kuma sau da yawa amsar ita ce goggo ko kaka ko babbar yaya. Idan ita ta zaɓi wanda za a fara gaya wa, kuma tana zaune aka yi maganar, ba ta jin an ƙwace mata sirrinta.

Malamin Islamiyya, kusa da Ali Kazaure:

Ni ba ni da ofis kuma ban yi karatun wannan fanni ba, amma yara suna kawo mana maganganun da ba sa kai wa iyayensu. Bayan ginin makaranta mai hawa ya rushe a Busa Buji ranar 12 ga Yulin 2024, wanda ya ci rayukan mutum sama da ashirin, yawancinsu ɗalibai, wani ɗalibina ɗan shekara goma sha uku, wanda ba a can yake karatu ba amma ya ruga wurin ya ga yadda ake zaƙulo mutane, ya daina hawa ajinmu na sama. Kullum da uzurinsa, har na kusa hukunta shi. Wata rana bayan La'asar ya tsaya har kowa ya watse, ya ce da zarar ya taka matakala sai numfashinsa ya ɗauke, gumi ya karyo masa, yana jin kamar rufin zai faɗo. Ya roƙe ni kada in gaya wa mahaifinsa, domin yakan ce namiji ba ya tsoro.

Na daɗe ina tunani a kan wannan. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma rufin asiri abu ne da addini ya kwaɗaitar, amma rufin asiri daban ne, yin shiru a kan zalunci ko cuta daban ne. Na ga cewa yaron nan babu mai cutar da shi a gida, saboda haka ba ni da hurumin karya amanarsa da gaggawa. Na mayar da darasinsa aji na ƙasa ba tare da bayyana wa kowa dalili ba, muka riƙa zama minti goma bayan an tashi, ina koya masa addu'o'in barci da na firgici, yana ba ni labari iya gwargwadon yadda yake so. Bayan mako uku na nemi izininsa in yi wa mahaifinsa magana, ya amince. Mahaifin ya fara cewa shafar aljanu ce, a yi ruƙiyya kawai. Na ce masa za mu ci gaba da addu'a, amma wanda ya karye a ƙafa ana yi masa tofi kuma ana kai shi wurin ɗori, haka wannan ma. Daga baya sun je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Na lura iyaye sun fi saurin karɓar wannan shawara daga bakin malami fiye da daga bakin ma'aikacin lafiya, kuma ina ganin wannan nauyi ne a wuyanmu, ba abin alfahari ba.

Mai aiki da matasa masu shaye-shaye, Gangare da Dilimi:

Malama, da dukkan girmamawa, ni ina da ja a kan wani ɓangare. Sharaɗinki yana aiki ga 'yar makaranta, amma samarin da nake zama da su, waɗanda wasunsu sun fara shiga harkar daba da ake kira sara-suka, da zarar ka ce "zan nemi taimako" abin da suke ji shi ne 'yan sanda ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, kuma daga ranar ba ka sake ganinsu. Ni sai na fayyace musu dalla-dalla cewa shan ƙwaya ba zai sa in kai su ko'ina ba, amma idan akwai maganar ɗaukar makami a kan wani, ko wani yana neman ransu, ba zan yi shiru ba.

Kuskurena na yi shi ne ta ɗaya gefen. Wani yaro ɗan shekara goma sha shida ya gaya mini yana shan tramadol da maganin tari mai kodin, wanda har bayan haramcin da gwamnati ta yi a watan Mayun 2018 bai ɓace daga unguwanni ba, kuma ya ce ya fara ne tun rasuwar mahaifiyarsa domin ya samu barci. Washegari na je na gaya wa mahaifinsa, ina ganin alheri na yi. An yi masa dukan da ya kwantar da shi, sannan aka kai shi wani gidan horo a wajen gari inda aka ɗaure masa ƙafa da mari. Watanni bayan nan na haɗu da shi a Bauchi Road, ya kalle ni ya wuce. Ban tambayi kaina me zai faru da shi bayan na fita daga gidan ba, kuma da na tambayi yaron kansa, da ya gaya mini halin mahaifinsa.

Jami'ar jin daɗin jama'a, Jos ta Kudu:

Malam, Allah ya ba ka ladan faɗin gaskiya, domin irin wannan kuskure yawancinmu mun yi shi. Ina so in kawo ɓangaren doka da na aiki. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, Jihar Filato kuma ta kafa tata a 2005, kuma ginshiƙinta shi ne a fifita abin da ya fi zama alheri ga yaron a kan komai, har da sunan gida. Haka nan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana cin zarafin masu wannan larura da sunan magani.

A aikace, idan maganar fyaɗe ce, lokaci yana da muhimmanci matuƙa, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma na sha ganin iyalai sun ɓata waɗannan kwanaki uku a zaman sulhu da mai unguwa. A kai yaro asibiti tukuna, sauran magana ta biyo baya. Kada a yi masa tambayoyi kamar a kotu, kada a sa shi ya maimaita labarin ga shugaban makaranta, ga mataimakinsa, ga malamin aji. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, a ajiye inda ake kullewa.

Mafi nauyi a gare ni ita ce wata yarinya da ta ce ta gaji da rayuwa. Da farko na ji tsoron in tambaye ta kai tsaye, ina zaton tambayar za ta dasa mata tunanin, amma horon da muka samu ya nuna akasin haka, kuma da na tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta sai ta saki ajiyar zuciya ta ce e. Ban bar ta ita kaɗai ba har ƙanwar mahaifiyarta ta iso, muka kawar da duk abin da zai iya cutar da ita a ɗaki, washegari muka ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14, shi ya sa ba na yarda a ce mini "yarinta ce".

Ɗaliba a Jami'ar Jos:

Iyayena da yayyena, ku yi mini izini in yi magana daga ɗaya gefen teburin. Ina aji uku na ƙaramar sakandare na gaya wa wata malama damuwata, kafin a tashi makaranta labarin ya zagaye ɗakin malamai, har wani ya yi mini nasiha a gaban aji. Shekara biyu ban sake buɗe baki ba. Wadda na gaya wa daga baya ta faɗa mini tun farko abin da za ta iya riƙewa da abin da ba za ta iya ba, kuma wannan bai tsorata ni ba, sai ma ya sa na san inda na tsaya. Abin da na fi tunawa shi ne ta ce ta gaskata ni, kuma ba laifina ba ne, sannan mako na gaba ita ta neme ni da kanta.

Malamar ba da shawara, Jos ta Arewa:

Ƙanwata, na gode, kuma ina ba ki haƙuri a madadin waccan malama. Malam na Gangare, na karɓi gyaranka, zan riƙa fayyace wa ɗalibai wane irin taimako nake nufi da kuma wa zan kira, in kuma tambaye su abin da suke tsoron zai faru a gida idan an ji. Hajiya ta jin daɗin jama'a, ina da wata tambaya da ta shafi aikina na wannan mako: ɗalibar makarantar kwana ce, iyayenta suna wata jihar, kuma mariƙinta a nan Jos shi ne wanda take ƙorafi a kansa, hutun rabin zango kuma ya kusa. A irin wannan hali, ofishinku zan fara zuwa ko asibiti, kuma wa doka ta yarda ya sa hannu a madadin iyaye kafin su iso?