Wace farfela ce ta fi rage cin batir a ƙaramin jirgi mara matuƙi?

Mai Ɗaukar Hoto: Salamu alaikum jama'a. Jirgi mai inji huɗu, nauyinsa da batir da kyamara kilo 1.2, injin 2212 (lambar girman injin) mai 920KV (juyi 920 a minti kan kowane volt), batir 3S (mai sel uku a jere). Ana son ya daɗe a sama, ba gudu ba. Wace farfela za a sa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, sa 1045 mai fiffike biyu. Lambar na nufin faɗinta inci 10, karkatarta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya, inci 4.5. Babbar farfela mai juyawa a hankali tana tura iska mai yawa ba da ƙarfi ba, shi ya sa take ɗaga nauyi da wuta kaɗan. Mai fiffike uku ta fi riƙe iska a kwana, amma kowane fiffike na bi ta iskar da na gabansa ya riga ya dagula, batir ne ke biya.

Mai Gyaran Lantarki: Haka ne, sai dai kada a zarce. Inci 12 a kan wannan injin zai ja wuta fiye da ƙima, waya ta yi zafi, maganaɗisu ya raunana. Bayan an sauko a taɓa injin. In yatsa ba ya iya zama a kai daƙiƙa biyar, farfelar ta yi masa yawa.

Injiniya: Kuma a auna, kada a yi ta zato. A ɗaure inji ɗaya a katako bisa sikelin kicin, a juya farfelar ta tura iska sama, a haɗa ma'aunin wat tsakanin batir da ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudun inji. Kowane inji zai ɗaga giram 300, to a ƙara wuta har sikeli ya nuna 300, a raba da wat ɗin da aka ci. Wadda ta fi ba da giram a kowane wat ita ce taka. Ya kamata kusan rabin maƙura ya ishi jirgin ya tsaya cak a sama.

Makanike: A kula da daidaito, nan ake yawan sakaci. A rataya farfela a sandar awo, gefen da ya faɗi ƙasa shi ne mai nauyi, sai a manna ɗan salatif a bayan ɗaya gefen. In ba haka ba hoto zai riƙa rawa, boris ya mutu da wuri. Wadda bakinta ya tsage a jefar, gam ba ya gyara ta. Ƙurar hunturu ma tana cinye bakin fiffike.

Mai Gyaran Lantarki: Yallabai, kada a manta da zafi. Iska a digiri 40 ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 8 cikin 100, a tudu irin Jos kuma abin ya ƙaru. A bar rarar ƙarfi, jimillar turin injuna ya ninka nauyin jirgi sau biyu.

Mai Ɗaukar Hoto: Na gode ƙwarai. Roba ko kabon?

Makanike: A wannan nauyin nailan mai zaren gilashi ya wadatar, irin na kamfanin APC ko Gemfan. Roba mai laushi tana lanƙwashewa in an ba ta wuta, karkatar ta canza. Kabon ya fi tauri, amma in jirgi ya faɗi, sandar injin ce za ta lanƙwashe a madadinsa.