Hajiyarmu mai ciwon suga ta ƙi yarda ta ajiye azumi, ramuwa ce a kanta ko ciyarwa?

Ummu Sadiq, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah malamai da masu sani a cikinmu a taimaka min. Hajiyarmu ce, shekarunta 68, ciwon suga gare ta yau shekara tara kenan, ga hawan jini, kuma tun kafin azumin bara aka mai da ta kan allurar insulin safe da yamma. To a azumin baran rana ta 11 wajen la'asar muka tarar da ita kan dadduma zufa na ta keto mata jikinta na rawa, magana ma da ƙyar take fita, ƙanina ya jiƙo suga a kofi ya kai mata baki ta kawar da kai wai saura ƙiris a sha ruwa ba za ta yi asarar wuninta ba. Wlh ranar na ga tashin hankali. Da kuka da roƙo ta kurɓa, muka sa ta a keke sai asibiti, kwana uku aka yi ana mata ƙarin ruwa, likita ya ce kar ta ƙara gwadawa.

Kwana 19 ta sha. Bayan salla ta ce za ta rama, ta yi biyu lafiya, a na uku jiri ya kwashe ta a tsakar gida, saura 17 kenan a kanta. Yanzu ga Sha'aban ya raba tsakiya ta fara cewa bana kam sai ta yi, wai tun tana 'yar shekara 12 take azumi kuma likita ba shi ya halicce ta ba, wai malaman yanzu komai sai su ce an yi sauƙi. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ƙara dagula lissafi ta ce mata kowace rana da ta sha sai ta yi kaffara 60.

Shin 17 ɗin nan yaya za a yi da su tunda wani azumin zai riske ta? Na bana fa? In ciyarwa ce, mudu nawa ne, kuma ana iya ba da kuɗi? Ngd.

Ɗan Rigasa

Wslm. Ni dai a ganina ku bar tsohuwa ta yi ibadarta, azumi ai magani ne, Annabi SAW ya ce ku yi azumi za ku samu lafiya. Ni ɗin nan olsa gare ni, shekara uku da suka wuce aka ce kar in yi, na yi abina gaba ɗaya kuma ga ni garau. Ku dai dage mata da sahur mai nauyi, tuwo da kunun gyaɗa, Allah zai tsare.

Abu Khadija, Badarawa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba, amma wannan mas'alar a bayyane take a littattafan da muke karantawa tun a zaure.

Ɗan'uwa na Rigasa ka yi haƙuri, hadisin nan na "sumu tasihhu" malaman hadisi sun raunana shi, kuma ko da ya inganta ba zai ture ayar Alƙur'ani ba. Allah ya ce a Baƙara aya ta 184 wanda ya kasance mara lafiya a cikinku ko a kan tafiya sai ya rama adadin a wasu kwanaki, ya maimaita a aya ta 185 sannan ya ce yana nufinku da sauƙi ba ya nufinku da tsanani. Kai ka yi ka wanye lafiya mun gode Allah, amma cikinka daban jikin Hajiya daban.

'Yar'uwa, maganar kaffara 60 ki cire ta a ran Hajiya tun yau. Kaffara ta wanda ya keta alfarmar watan ne da gangan ba uzuri. Mara lafiya babu ita a kansa ko kaɗan.

Shi ciwo iri biyu ne a wajen malamai. Akwai wanda ake sa ran warkewa kamar maleriya ko taifod ko wanda aka yi wa tiyata, wannan zai sha, in ya warke ya rama, ba sai a jere ba, yana da dama har zuwa Sha'aban mai zuwa, ai Nana A'isha RA ta ce ramuwa takan kasance a kanta ba ta samun yi sai a Sha'aban, yana cikin Bukhari da Muslim. Akwai kuma ciwon da ya zauna, likita amintacce ya ce ba a sa ran rabuwa da shi kuma azumi zai cutar, shi wannan hukuncinsa na tsoho tukuf ne, ba ramuwa a kansa don ba ranar da zai iya, sai ciyar da miskini ɗaya madadin kowace rana. Haka Ibn Abbas ya fassara ƙarshen aya ta 184, ya ce ba a shafe ta ba, ta tsoho da tsohuwa ce da ba sa iyawa. Anas bin Malik RA da kansa, hadimin Annabi SAW, da ya tsufa ajiye azumin ya yi ya riƙa ciyarwa, burodi da nama. Yadda kika siffanta Hajiya, ta faɗi a Ramadan, ta sake faɗuwa a ramuwa, likita ya hana, a kashi na biyu take, don haka 17 ɗin da na bana duk hanyarsu ɗaya, ciyarwa. Kuma ba ƙarin komai don wani Ramadan ya riske ta, wancan mudun na jinkiri ana ɗora shi ne a kan wanda ya samu lafiya da dama ya yi sakaci har wata ya zagayo, ita kuwa ta gwada ma ta kasa.

Abin da ya fi tsaya min shi ne cewar da ta yi malaman yanzu ne ke sassautawa. To ku gaya mata a Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda kakanninmu suka karanta tun kafin zuwan Bature, an ce ya halatta a sha saboda ciwon da ake tsoron ƙaruwarsa ko daɗewarsa, kuma shan ya zama WAJIBI in ana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Wato ranar da ta kawar da kai daga kofin nan, kurɓar ce ibadar, ƙin shan ne abin tsoro, Allah ya ce a Nisa'i aya ta 29 kar ku kashe kanku. Ban faɗi haka don a ɗora mata laifi ba, son ibada ne ya sa ta, irin su ne muke roƙon Allah ya ba mu rabin himmarsu.

Anti Nas, Unguwar Rimi

Slm. Malam ya gama da ɓangaren addini, bari in sa baki a namu ɓangaren na asibiti don duk azumi sai mun karɓi irin Hajiya, yawanci tsakanin la'asar da magariba ake shigo mana da su ranga-ranga, wasu kuma bayan isha'i saboda sun buɗe baki da kunun tsamiya mai suga da zoɓo da lemon kwalba da dabino cike da hannu suga ya haura sama.

Ba kowane mai suga ake hanawa ba fa, akwai masu shan ƙwaya kawai sugansu a daidaice, in suka je wajen likita wata ɗaya ko biyu kafin azumi ya gyara musu lokacin magani da yawansa sukan yi lafiya lau. Amma mai shekaru irin na Hajiya, tana kan insulin sau biyu, ga hawan jini, kuma suga ya taɓa faɗuwa har aka kwantar da ita, tana cikin waɗanda haɗarinsu ya fi na kowa. Azuminmu a nan ya haura awa 13, ga zafin da ke shigowa da an fita daga hunturu, rashin ruwa kaɗai ya isa ya taɓa mata ƙoda.

Ɗan Rigasa shawarar tuwo da kunun gyaɗa ɗin nan ba ta yi ba wlh, nauyin sahur ba ya hana suga faɗuwa da yamma, sai ma ya harba shi sama da safe.

Ga sauran masu karantawa da likita ya yarje musu: ku riƙa gwaji da rana, tsira yatsa ba ya karya azumi. In mitar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a masu ɗaya lissafin, a sha nan take ko da saura minti biyar a kira salla. In ta haura 300, wato 16.6, shi ma a sha. Rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, ruɗewa, ba a jira. In kuma mutum ya riga ya suma kar a ɗura masa komai a baki zai iya shaƙewa, a yi asibiti da shi kawai. Sannan dan Allah a daina rage allura ko tsallake ta da ka don ana son yin azumi, abin da ya fi ba mu wahala kenan.

Ɗan Rigasa

To na ji, Allah ya yafe mana. Amma ita allurar kanta ba ta karya azumi? Mu dai mun taso ana cewa duk abin da ya shiga jiki ya karya.

Abu Khadija, Badarawa

Allurar magani ta fata ko tsoka ko jijiya ba ta karyawa, insulin na ciki. Wadda ke karyawa ita ce mai tsayawa madadin ci da sha, irin ƙarin ruwan da aka yi wa Hajiya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Jidda a 1997 kuma abin da ta tsayar kenan. Maganin ɗigawa a ido ne ake ɗan saɓani, su sun ce ba ya karyawa matuƙar ba a haɗiye abin da ya sauko maƙogwaro ba, a Malikiyya kuma in ya isa maƙogwaro sai a rama, shi ya sa in zai yiwu a bar shi sai dare.

Ummu Sadiq, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri Malam, Anti na gode ƙwarai, wlh har na ji wani nauyi ya sauka. Saura maganar mudun, don yayanmu ya ce in mudun kasuwa ne sau 17 ga kuma 30 na bana to sai dai mu haɗa hannu, kowa ya san yadda hatsi yake yanzu. Kuma ni babbar damuwata ma ba hatsin ba ne, yadda za a shawo kanta ne, in muka yi magana sai ta ce yaushe aka haife mu.

Abu Khadija, Badarawa

Ba mudun kasuwa ba ne, mudun Annabi SAW ne, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum in ya haɗa su ya kamfato, huɗunsa ne sa'i ɗaya da muke fitarwa a zakkar kono. Mudu ɗaya kowace rana daga abin da aka fi ci a gari, shinkafa ko masara ko gero ko dawa, haka yake a littafin Risala na Malikiyya. Wasu malaman sun ce rabin sa'i, wato mudu biyu, kusan kilo ɗaya da rabi, wanda ya samu hali ya yi hakan ya fita daga saɓani. In an dafa an ƙosar da miskini shi ma ya yi, kamar yadda Anas ya yi. Kuɗi kuwa Hanafiyya ne suka halatta, mafi yawan malamai sun tsaya a kan abinci tunda shi ayar ta ambata.

Kuma don amana, a wajen Imam Malik ita wannan ciyarwar ta tsoho mustahabbi ce ba wajibi ba, a Muwaɗɗa ya ce ba ya ganin ta wajaba amma ya fi son a yi ga mai iko. Shafi'iyya da Hanbaliyya da Hanafiyya sun wajabta. Ni dai in da hali a yi, 47 ɗin nan a mudun Annabi ba wani abin tayar da hankali ba ne. Wanda ba shi da shi kuma Allah bai ɗora masa ba. Na bara a fitar yanzu, na bana a bari watan ya kama, a riƙa bayarwa kullum ko a tara a bayar a ƙarshe.

Maman Hanifa, Kawo

Ummu Sadiq ni na ga irin wannan da surukina, Allah ya jiƙansa, wankin ƙoda ake masa amma ya ce sai ya yi. 'Ya'yansa suka yi ta fama a banza, ku 'ya'ya ba za ta ji daga bakinku ba ko da ayar kuka karanto, kunya ce da ganin kamar ta gaza. Mu limamin unguwa muka samu, sa'ansa ne tare suke zuwa tafsiri masallacin Sultan Bello tun zamanin marigayi Malam Abubakar Gumi, ya zo bayan isha'i suka keɓe, bai ma yi masa maganar haram ko wajibi ba, hadisin Bukhari ya karanta masa cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida. Baba ya yi shiru can ya ce ashe ba a rage min komai ba, shi kenan.

Ku nemi malamar islamiyyarsu ko wani dattijo da take jin nauyinsa. Sannan kar ku fitar da hatsin a bayan idonta, ku kawo buhun gabanta ta auna da hannunta ta faɗi gidajen da za a kai, ta fi ku sanin wa ke kwana da yunwa a layinku. Abincinta na rana kuma a kai mata ɗaki a rufe, kar jikoki su riƙa leƙe suna Hajiya ba ta azumi, wannan ma kaɗai ya isa ya sa ta ƙi ci.

Ummu Sadiq, Tudun Wada

Kai Maman Hanifa kamar kin san gidanmu, jikokin nan su ne 'yan rahoto. Akwai malamarsu ta islamiyyar Asabar da Lahadi, tana jin maganarta sosai, gobe in sha Allah zan biya ta gidanta kafin in wuce Bakin Dogo auno masarar. Anti Nas mitarmu tsinken gwajinta ya ƙare tun watan jiya, kowane iri zan saya a kemis ko sai na tafi da ita?

Anti Nas, Unguwar Rimi

Tafi da ita, kowace mita da irin nata, kuma ki duba kwanan watan da ke jikin robar kafin ki biya.