Malamai, karatu muke koyarwa ko cin jarabawa?

Malam_Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da bayoloji a wata sakandaren gwamnati a nan Kebbi kuma wallahi abin na damuna. Da yara sun shiga SS3 shikenan an ajiye silabus gefe, sai tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya safe da yamma, firinsifal ba ruwansa da abin da yaro ya gane, shi dai mutum nawa za su kawo kiredit 5 har da Turanci da lissafi. Haka yake wajenku ko mu kaɗai ne?

Maman_Ummi_Gusau:
Wa alaikumus salam malam. Ai tun JSS3 ake farawa saboda BECE, jarabawar gama ƙaramar sakandare. Ni Turanci nake koyarwa, yarinya za ta haddace wasiƙa sukutum ta zuba maka a takarda babu kuskure, amma ka ce ta rubuta layi 3 kan kasuwar garinsu sai ta tsaya tana kallonka. Kuma ban ga laifinta ba, mu muka nuna mata haka ake ci.

DanArgungu:
Ni fa ban yarda a ɗora wa jarabawa laifi ba. A cire ta a bar mu da makin CA, wato makin gwajin aji da malami ke badawa da kansa, mi kuke zato zai faru? Kowa ya san yadda ake cike shi, ɗan wane ba ya faɗuwa. Ko ba komi takarda guda ɗan Zuru da ɗan Legas ke amsawa, kuma baƙo ke makin. Matsalar tana firamare, yaro ya zo JSS1 bai iya haɗa baƙi ba sannan a ce malamin SS3 ya yi abin al'ajabi, daga nan ake faɗawa satar amsa.

Malam_Kaura:
Ɗan Argungu ka faɗi gaskiya amma rabi. Takarda guda ce, zaman aji ba guda ba. A 2021 an rufe makarantu a Zamfara saboda 'yan bindiga, jadawalin jarabawa kuwa bai jira kowa ba. Ga JAMB da kwamfuta ake yinta, akwai yaran ƙauye da sai ranar suke fara taɓa linzami.

Malam_Jega:
Na gode malamai. Hajiya Maman Ummi, idan kin ware darasi guda a sati na rubutu da ka, firinsifal ɗinku na bari?