Wa ya ƙona Nofok a 1776: Ingila ko 'yan tawayen Amurka?

Malam Habibu: Ni dai ina nan kan bakana, Turawan Ingila ne suka ƙona garin Nofok da ke bakin teku a yankin Bajiniya. Ranar 1 ga Janairun 1776 jiragen ruwan Dunmore, gwamnan da Ingila ta naɗa wa Bajiniya, suka yi wa garin ruwan igwa, sojojinsa suka sauka suka cinna wa gine-ginen bakin tasha wuta. Har yau akwai ƙwallon igwa maƙale a bangon cocin St. Paul. Wace shaida ake nema kuma?

Hajiya Rabi: Malam, ba wanda ya musa igwa. Amma a 1777 hukumar Bajiniya da kanta ta kafa kwamitin bincike. Cikin gine-gine 1,331 da suka salwanta, Ingila ta lalata 32 kafin ta fice daga garin, sai 19 a ranar harin. Sojojin 'yan tawaye sun ƙona 863. Sannan a Fabrairu aka ƙone 416 bisa umarnin majalisar 'yan tawayen Bajiniya. Wannan fa lissafin masu gida ne, ba na abokan gaba ba.

Auwalu: Hajiya, a gafarce ni, hankalina bai ɗauka ba. Mutum ya ƙona garinsa?

Hajiya Rabi: Ai ba su ɗauke shi nasu ba, Auwalu. Manyan 'yan kasuwar Nofok da yawa 'yan Sikotlan ne masu biyayya ga sarkin Ingila. Sojojin 'yan tawayen da suka shiga garin bayan yaƙin Great Bridge na Disambar 1775 kallon matattarar maciya amana suke masa. Kanar Howe, kwamandansu, kuma yana ganin in an bar tashar a tsaye, jiragen Ingila ne za su more ta. Da wuta ta tashi sai sojoji suka bi gida-gida suna wawaso suna ƙara ta, kwana uku tana ci, manyansu sun zuba ido.

Malam Habibu: To wa ya fara? Da Dunmore bai harba ba, da ba su sami dalili ba.

Baba Ilu: Habibu, farawa daban, ƙarasawa daban. Wanda ya ƙona 19 ba za a ɗora masa dubu da ɗoriya ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda aka danne rahoton nan, bai fito fili ba sai 1836. Kafin nan labari ya gama gari cewa aikin Ingila ne, an kuma yi amfani da shi wajen tunzura jama'a su nemi ɓallewa.

Malam Habibu: Baba, alƙaluman na karɓa. Amma ban wanke Dunmore ba. Gwamna ne, garin a ƙarƙashinsa yake, ya juya masa bakin igwa alhali akwai mata da yara ciki.

Hajiya Rabi: Ba a ce ka wanke shi ba, Malam. Cewa aka yi 416 ɗin nan na Fabrairu, ba igwa ba haɗari, majalisa ce ta zauna ta ba da umarni. Su wa za ka ɗora wa?