Me ya sa ba a toshe jijiyoyin da ke ciyar da sankarar mama?

Ƙanwar Yaya: Assalamu alaikum. An gano sankarar mama a jikin yayata, kuma likita ya ce ƙarin yana samar wa kansa sababbin jijiyoyin jini domin ya girma. Tun da haka ne, me ya hana a ba ta maganin da zai toshe jijiyoyin, yunwa ta kashe shi?

Ɗalibin Likitanci: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Wannan tunani shi ne likitan Amurka Judah Folkman ya kawo a shekarar 1971, inda ya ce ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya samu jijiyoyinsa. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a tsakiyarsa, sai ƙwayoyinsa su saki sinadarin VEGF, wanda ke sa jijiyoyin da ke kusa su tsiro zuwa gare shi. Jijiyoyin nan karkatattu ne masu yoyo, kuma ta cikinsu ƙwayoyin cutar kan bi zuwa huhu, hanta ko ƙashi.

Mai Harhaɗa Magunguna: 'Yar'uwa, maganin yana nan, sunansa bevacizumab, aikinsa toshe VEGF, ana sayar da shi da sunan Avastin. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi kan sankarar mama da ta yaɗu a 2008, sannan ta janye amincewar a Nuwamba 2011, saboda duk da yana ɗan jinkirta girman ƙarin, bai ƙara wa mata tsawon rai ba, ga kuma hawan jini da zubar jini, wani lokaci har da hujewar hanji. Turai ba ta janye ba, amma a ganina bai kamata iyali su sayar da kadara dominsa ba.

Ɗalibin Likitanci: Haka ne, domin idan aka toshe VEGF, ƙarin kan koma ga wasu sinadarai, ko ya raɓi tsofaffin jijiyoyin jiki. Gara ki tambayi likita sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba: idan ƙarin yana girma ne da estrojin, wato sinadarin jikin mata, akwai maganin tamoxifen, idan kuma yana da yawan HER2, wato furotin da ke sa ƙwayoyinsa saurin girma, akwai maganin trastuzumab.

Ƙanwar Yaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma asibiti, zan nemi takardar gwajin.