Tabarau na VR da tsoron shiga mutane: horar da hankali yana aiki kuwa?

Abu Safiyya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta maganar maganin ruhab ijtima'i, wato tsoron shiga mutane, da tabarau na VR, mai nuna wa mutum duniyar kwaikwayo kamar yana cikinta, wai ana horar da hankali a ciki. Takamaimai me ake yi? Kuma in mutum ya sayi Quest, wani samfurin irin wannan tabarau, zai iya yi shi kaɗai a gida?

Ɗan Misfala, Makka:
Wa alaikumus salam Malam. Tushen abin bayanin masana halayyar ɗan Adam Clark da Wells ne na 1995: mai wannan larura da ya shiga taro sai hankalinsa ya koma kansa. Dubi saurayin da aka miƙa wa dalla, wato butar gahawa, ya zuba wa manya gahawa. Idonsa na kan finjali ko hannunsa na rawa, kunnensa na kan bugun zuciyarsa. Dattijon da ya yi masa murmushi bai ma gan shi ba, sai ya fita da yaƙinin an raina shi.

Likita yakan fara da ma'aunin Liebowitz na auna wannan tsoro, tambayoyi kan yanayi 24, maki daga 0 zuwa 144. Sai a sa tabarau, mutum ya tsinci kansa gaban 'yan mutane. Zai yi magana ta minti biyu ko uku yana lura da jikinsa, ya ba fargabarsa maki daga 0 zuwa 100. A maimaita, amma yanzu da aiki: mutum nawa ne masu gemu, wane launi ne rigar na hagu, me na tsakiya ya tambaya. Ya sake ba da maki. Kwatanta biyun nan shi ne darasin. Daga nan a ƙara jama'a, a sa wani ya yi hamma, wani ya duƙufa kan waya. A gwajin Bouchard na 2017 zama 14 aka yi, mako-mako, haɗe da gyaran tunani, kuma tabarau bai gaza fita cikin mutane na gaske ba.

Ummu Khalid, Madina:
Ɗan'uwa ya yi bayani, amma a rarrabe. Akwai wani horon daban: a nuna fuska biyu rabin daƙiƙa, ɗaya a murtuke ɗaya a sake, sannan alama ta fito a gurbin ta saken, ka danna. An gwada shi cikin VR a Stockholm a 2019, karkatar hankali zuwa fuskar da ke a murtuke ba ta sauya ba, fargaba kuma ta ragu har ga waɗanda aka ba horon bogi. A ganina wannan bai kai a kashe masa riyal ba.

Injiniya Takari, Riyad:
Malam Abu Safiyya, a gida matsala uku ce. Ta farko jiri da tashin zuciya, saboda ido na ganin motsi, kunnen ciki bai ji ba. A zauna kan kujera, a daidaita tazarar gilasan da idanu, a fara da minti 10, in jiri ya zo a cire. Ta biyu, Quest 3 ba ya bin ƙwayar ido, Quest Pro ke yi. To mutum zai iya runtse ido ko ya ƙura wa ƙasa, ya gama zaman lafiya lau bai koyi komai ba, babu mai kama shi. Ta uku, yawancin manhajojin zauren taro ne irin na Turai da Turanci, bai yi kama da majalisa ko istiraha, wato gidan shaƙatawa, ba.

Kuma a gwajin Kampmann na 2016 a Amsterdam, inda aka yi VR ba gyaran tunani, fita cikin mutane ta fi shi. Don haka kowane zama a bi shi da aiki a waje a ranar: a baƙala, wato shagon kayan masarufi, ka tambayi farashi kana kallon mai shago, ka fito ka faɗi launin rigarsa.

Ummu Khalid, Madina:
Mai farfaɗiya kada ya sa sai da izinin likita. In abin ya kai ga barin aiki ko makaranta, a nemi ganin likita ta manhajar Sihhati ko a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, kafin a sayi komai.